Yadda ake zaɓen filtar baƙin mai ta mota

Filtar baƙin mai na cikin kayan gyaran mota mafi araha, to amma kuskure wajen zaɓenta na iya sa inji ya buga. Ga mai motar da ke yi wa kansa juye a gida, ba tare da ya je gareji ba, nauyin wannan zaɓe yana wuyansa ne shi kaɗai.

Aikin filtar dai shi ne tace mai. Famfon inji kan zuƙo baƙin mai daga ƙasa, ya tura shi ta cikin filta kafin ya isa ga ƙarafan da ke gogayya da juna. A nan ne ake tare ɓurɓushin ƙarfe da ƙura da dattin ƙuna. Da maikiron ake auna girman irin wannan datti, watau kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kaurin gashin ɗan Adam ya kai kimanin maikiron 70, yayin da filta mai kyau ke kama yawancin dattin da ya kai maikiron 20 zuwa 30.

A shekarar 1923 ne Ernest Sweetland da George Greenhalgh suka ƙirƙiro filtar man mota a Amurka, suka sa mata suna Purolator. Mai kama da gwangwani wadda ake murɗawa a jikin inji kuwa, a shekarun 1950 ta bayyana. Sai dai motoci da yawa na baya-bayan nan sun koma ga wadda ake sauya takardar cikinta kawai, a bar gidanta.

Lamba, ba kama ba

Al'adar ɗaukar tsohuwar filta a kai kasuwa domin a nemo mai kama da ita ta yi ƙarfi, amma ba abin dogaro ba ce. Filtoci biyu na iya yin daidai a tsawo da faɗi, alhali ramin da ake murɗa su ya bambanta.

Alal misali, yawancin injinan Toyota masu filtar gwangwani na amfani da rami mai faɗin kashi uku cikin huɗu na inci, watau milimita 19 da 'yan kai, yayin da na Honda ke amfani da mai milimita 20. Da yake bambancin bai cika milimita ɗaya ba, mai faɗin kan hau kan ƙarfen da ba nata ba, har ta yi kamar ta ɗauru. Idan mai ya taso da ƙarfi tana iya ƙwacewa, man ya tsiyaye cikin ƙanƙanin lokaci ana tsakiyar tafiya.

Hanya mafi aminci ita ce neman lambar filtar a littafin motar, ko kuma ta lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17. Wannan na da muhimmanci ga motocin da ake shigowa da su Najeriya da Nijar na hannu, domin mota iri ɗaya ƙirar shekara ɗaya kan zo da inji daban, gwargwadon ko an ƙera ta domin kasuwar Amurka ne ko ta Turai. Ga kuma motocin da aka riga aka sauya wa inji, waɗanda dole injin da ke ciki za a bi, ba takarda ba.

Abin da ido ba ya gani

A cikin yawancin filtocin gwangwani akwai bawul guda biyu. Na farko kan buɗe ne idan takardar tacewa ta toshe, ko kuma mai ya yi kauri saboda sanyi, domin ya bai wa man hanya ya wuce ba tare da an tace shi ba, tun da gara mai da datti a kan rashin mai baki ɗaya. Kowane inji na da nauyin da aka tsara bawul ɗin ya buɗe a kai. Idan ya yi saurin buɗewa, datti zai riƙa zagayawa a inji, mai motar kuma ba zai ga wata alama ba. Wasu injinan a jikinsu bawul ɗin yake, ba a filta ba.

Na biyu wata roba ce da ke hana mai komawa ƙasa bayan an kashe mota. Idan ta lalace, inji kan yi 'yar ƙara da safe kafin mai ya hau. Wadda aka yi da silikon, da galibi ja ce ko ruwan lemo, ta fi baƙar roba jure zafi.

Ita kuwa takardar tacewa, akwai ta gama-gari da ta zaren roba da ta haɗin biyun. Ta zaren roba ta fi riƙe datti, ta kuma fi tsada, amma amfaninta ya fi bayyana ga mai jan dogon lokaci tsakanin juye da juye. Wanda ke juye duk bayan kilomita 5,000, kamar yadda kamfanoni da dama ke ba da shawara a wuraren ƙura, ta gama-gari mai inganci ta wadatar da shi. Ƙurar hunturu dai ta filtar iska ta fi samun hanyar shiga inji, saboda haka ita ma tana bukatar dubawa.

Jabu

Masu yin jabu sun ƙware wajen kwaikwayon kwali da fenti, kuma ciki ne suke yi wa ƙwauro: takarda kaɗan, gam marar ƙarfi, wani lokaci ma babu bawul. Rashin nauyi, da rubutu mai dishi-dishi, da tsatsa a bakin rami, da farashin da ya yi arha fiye da kima, duk alamu ne, ko da yake ba kowace jabu ke nuna su ba. Saye daga dillalin da aka sani ya fi duk wani gwaji na ido.

Wajen ɗaurawa, ana tabbatar da cewa robar tsohuwar filta ba ta maƙale a jikin inji ba, domin roba biyu kan sa mai ya yi feshi. Ana shafa sabon mai a robar sabuwar, a murɗa ta da hannu, a ƙara kimanin kashi uku cikin huɗu na zagaye bayan robar ta taɓa inji. Daga nan sai a tayar da mota na 'yan mintoci, a duba ko akwai yoyo, a kashe, a sake auna mai.