Gudumar da ta Ɓata a Gonar Hoxne

Da kwamitin mujalla ya nemi in kawo wani abu na tarihi, sai na zaɓi labarin masu yawo da na'urar gano ƙarfe suna neman kuɗin da mutanen dā suka binne. A Ingila wannan sha'awa tana da ƙarfi, don haka can zan kai ku.

Ita dai na'urar ba don neman dukiya aka fara ƙera ta ba. A 1881 Alexander Graham Bell, mai wayar tarho, ya haɗa wata don a nemo harsashin da ke jikin shugaban Amurka Garfield, amma bai dace ba. A 1941 wani hafsan sojan Poland, Jozef Kosacki, ya ƙera ta neman nakiya, aka yi aiki da ita a yaƙin El Alamein na ƙasar Masar a 1942. Sai a shekarun 1970 ta yi araha har talaka ya iya saye. Sanda ce mai faifai a ƙasa, in faifan ya bi ta kan ƙarfe sai ta yi ƙara. Da wuri ne aka binne, irin kuɗin kakanninmu, ko tari ba za ta yi ba.

To, ranar 16 ga Nuwamba, 1992, wani manomi mai suna Peter Whatling da ke ƙauyen Hoxne a gundumar Suffolk ya roƙi abokinsa Eric Lawes, wani dattijo da ya yi ritaya, ya zo da na'urarsa ya nemo masa gudumar da ta ɓace masa a gona. Lawes na cikin dubawa sai na'ura ta yi ƙara. Ya tona, sai ga cokulan azurfa da tsabar kuɗi na zinariya. Ya ɗebi abin da ya fito fili, sannan ya dakata. Shi da manomin suka sanar da 'yan sanda da hukumar gundumar, wadda ita ce mai filin. Washegari masana kayan tarihi suka zo suka ciro sauran da ƙasarsu, dunƙule-dunƙule, aka tafi da su Gidan Tarihi na Birtaniya da ke Landan aka warware a tsanake.

Da aka ƙirga, tsabar kuɗin Rumawa 14,865 ne: 569 na zinariya, 14,272 na azurfa, 24 na tagulla. Ban da su akwai kaya wajen 200, har da cokula da ludaya 98, da awarwaro da sarƙoƙin zinariya, da 'yan gidajen yaji guda huɗu na azurfa.

A ganina, jama'a, dakatawar nan ta Lawes ta fi zinariyar daraja. Domin ba a hargitsa ramin ba ne aka gane cewa kayan a cikin akwatin katako suke, mai tsawon kamar santimita 60, wanda ya ruɓe ya bar ƙusoshi da maƙalai. Aka ga a cikinsa akwai ƙananan akwatuna masu 'yan kwaɗuna na azurfa, aka ga an jera kwanoni an sa ciyawa a tsakaninsu don kada su gogi juna, wasu kayan kuma an naɗe su da ƙyalle. Wanda ya yi wannan shiri ba a guje yake ba, ya zauna ne ya kintsa kayansa da niyyar dawowa. Kuɗin da suka fi sabunta a ciki an buga su ne a 407 zuwa 408, wato ba a binne akwatin kafin nan ba, kuma a daidai wannan lokaci ne mulkin Rum ke sakin Birtaniya. Kusan duk na azurfar an yanke musu gefe, amma an kiyaye kan sarki, alamar sabon kuɗi ya daina shigowa, mutane na tsakurar na hannu. Har sunaye sun tsira: Aurelius Ursicinus a jikin cokula goma, da wata mace Juliane a jikin awarwaro. Da an kwashe cikin dare an kai wa maƙeri, da duk wannan ya narke. Mu ma mun ga irinta a shekarun 1990, lokacin da masu haƙa suka yi ta tone gumakan Nok suna sayarwa waje, ba wanda ya rubuta inda kowanne ya fito.

Kada a ce dattijon ya yi asara. A 1993 aka yi wa kayan kuɗi fam 1,750,000, aka biya shi, shi kuma ya raba da manomin. Dokar wancan lokaci sai an tabbatar mai kaya ya binne da niyyar dawowa kafin su zama na hukuma. A 1996 majalisar Birtaniya ta yi sabuwar doka, wadda ta wajabta wa wanda ya tsinci irin wannan dukiya ya kai rahoto cikin kwana 14, a kuma raba lada tsakaninsa da mai fili. A 2010 wani mai na'ura, Dave Crisp, ya ci karo da tulu a kusa da garin Frome, shi ma ya bar shi a ƙasa ya kira masana. Tsabar kuɗi 52,503 aka samu a ciki.

Gudumar Whatling kuwa an same ta daga baya a gonar, aka ba Gidan Tarihi na Birtaniya, suka sa ta cikin kayan Hoxne.