Zoben Roban da Ke Hana Bawul Yoyo

Mu masu gyaran famfo mun san zoben roban nan da ke zama cikin tsagi ya hana bawul yoyo. Niels Christensen, ɗan Danmak mazaunin Amurka mai ƙera burkin iska, ya samu takardar mallakarsa a 1939. Wani ɗan Suwidin ya riga shi yin zoben tun 1896. Gwanintar Christensen tana tsagin, inda matsin ruwa ke danne zoben ya ƙara toshewa.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin Amurka ta karɓe haƙƙin saboda jiragen yaƙi, ta ba shi dala 75,000. Ni dai a ganina an cuce shi. Sai a 1971, shekara 19 bayan rasuwarsa, magadansa suka samu ƙarin dala 100,000.