Tsaunin Drummond: Dajin Da Aka Shuka Da Hanyar Motar Katako

A wannan makon za mu ɗan ajiye labaran soyayya, mu leƙa tsakiyar ƙasar Sikotilan da ke arewacin Birtaniya, inda wani ɗan tsauni mai suna Drummond yake tsaye a kan ƙauyen Kenmore, daidai wurin da Kogin Tay ke fita daga tafkin da ake kira Loch Tay. Tsayinsa bai wuce kimanin mita 460 ba, alhali maƙwabcinsa Ben Lawers ya kai mita 1,214. Ba a bukatar igiya ko wata jarumta kafin a hau shi. Hanya ce mai faɗi da aka zuba wa tsakuwa take ta lanƙwasa a cikin itatuwa, tsoho da yaro kowa na iya bin ta. Baƙo zai ɗauka daji ne da ya tsiro da kansa tun fil azal, amma kusan kowane itace a wurin hannun ɗan Adam ne ya dasa shi, kuma kowane zamani da dalilinsa na dasawa.

Baƙin Duncan da talakawansa

Mutane sun daɗe da sanin amfanin tsaunin, domin a gefensa na gabas akwai kufan wata ganuwa ta zamanin da, wadda ake kira Caisteal Mac Tuathal. Amma labarin dajin ya fara ne da Sir Duncan Campbell, basaraken Glenorchy, wanda ya gaji mahaifinsa a 1583 ya kuma rasu a 1631. Mutanensa sun yi masa laƙabi da Baƙin Duncan, kuma tarihi ya san shi da zafin hali da haɗamar ƙasa da gina gidajen yaƙi. Shi ne ya sa aka dasa itatuwan oak da birch da pine a jikin tsaunin, abin da ya sa ake lissafa Drummond a matsayin gandun daji na farko da aka shuka aka kuma riƙa kula da shi a Sikotilan.

Dashen bai tsaya a kan tsaunin ba. Kotun basaraken ta ɗora wa masu noma a ƙasarsa dasa itatuwa duk shekara gwargwadon girman gonar mutum, wanda kuma ya sare itace ba izini a ci shi tara. Talaka ke dasawa, talaka ke rainon itacen, katako da naman dajin kuwa na mai gida ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

An dawo da tsuntsu, an kori mutane

Jikokin Duncan sun ƙara ƙarfi har suka zama sarakunan Breadalbane, suka rushe tsohon gidan kakanninsu suka gina fadar Taymouth a gindin tsaunin a farkon ƙarni na 19. A nan Sarauniya Biktoriya ta sauka a watan Satumba na 1842.

Akwai wani ƙaton tsuntsu ɗan dangin fakara, namijinsa ya kusa talo-talo girma, wanda ake kira capercaillie, wato dokin daji a harshen Gelik na mutanen yankin. Sare dazuzzuka da farauta sun ƙarar da shi a Sikotilan wajajen 1785. A 1837 aka kawo kusan talatin daga Suwidin aka sake su a dajin Taymouth, har ana ɗaukar ƙwansu a sa wa wasu tsuntsayen daji 'yan uwansu su ƙyanƙyashe. Daga wannan tsauni suka yaɗu zuwa sauran ƙasar.

Wanda ya shirya kawo su kyauta ga sarkin Breadalbane, ta hannun mai kula masa da namun daji Lawrence Banville, shi ne Sir Thomas Fowell Buxton, jagoran masu yaƙi da bauta a majalisar Birtaniya. Mai karatu, wannan Buxton ɗin shi ne ya assasa tafiyar jiragen ruwa uku zuwa Kogin Kwara a 1841, wadda ta kafa gona a wajen Lakwaja kafin zazzaɓi ya wargaza ta. A cikin jiragen akwai Samuel Ajayi Crowther da kuma Bajamushe J. F. Schön, wanda daga baya ya rubuta nahawu da ƙamus na Hausa, ya kuma fitar da Magana Hausa a 1885.

Sai dai sarkin da ya karɓi tsuntsayen, John Campbell, wanda ya hau gado a 1834, shi ne kuma ya riƙa tayar da iyalai daga gonakinsu a kewayen tafkin da kwarin Glen Quaich domin a samar wa tumaki makiyaya, tunda ulu ya fi kuɗin hayar talaka riba. Da yawansu sun ƙetare teku zuwa Ontariyo ta Kanada. A shekarun da ake lallashin tsuntsu ya zauna, a lokacin ake nuna wa manomi hanya.

Yaƙi ya kawo hukuma

Lokacin da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, Birtaniya na sayo kusan duk katakonta daga waje, ga shi kuma ramukan kwal ba sa tsayuwa sai da turakun itace. Da jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus suka dinga nutsar da jiragen kaya, sai aka afka wa dazuzzukan gida da gatari. Yaƙi ya ƙare daji bai wuce kashi 5 cikin ɗari na ƙasar ba. Wannan tsoro ne ya sa aka kafa hukumar gandun daji ta ƙasa a 1919, ƙarƙashin Lord Lovat, aka ba ta aikin sayen fili da dasa itacen da za a dogara da shi idan wani yaƙin ya zo.

Daidai lokacin ne kuma dukiyar gidan Breadalbane ta karye, aka shiga sayar da ƙasarsu, fadar ma ta zama otel. A farkon shekarun 1920 tsaunin Drummond ya koma hannun hukumar, yana cikin wuraren farko da ta mallaka. Aka sake dasa shi, wannan karon har da itatuwa masu saurin girma irin su larch da spruce, jere a layi kamar kunyoyin gona.

Hanyar da ake hawa a yau daga nan ta samo asali. Da dawakai ke jan gungume zuwa gangare, da manyan motoci suka karɓe aikin sai aka fasa musu hanyoyi. Shi ya sa hanyar ba ta miƙewa sama kai tsaye, sai ta yi ta zagaye a hankali, domin mota mai ɗauke da lodin katako ba ta son gangara mai tsanani. Sauƙin da mai tafiya a ƙasa ke ji, albarkacin motar ne, ba don shi aka yi lissafin ba.

Masu hawa don nishaɗi

Masu hawan tsauni a Sikotilan sun daɗe suna raina irin Drummond. Tun 1891 da Sir Hugh Munro ya jera tsaunukan da suka kai ƙafa 3,000, wato mita 914, hankali ya koma kan waɗancan, waɗanda yau ake ƙidaya 282. Sai a 1992 Alan Dawson ya fito da wani ma'auni: ba ruwansa da tsayi daga teku, abin dubawa shi ne tsauni ya ɗara ƙasar da ke kewaye da shi da mita 150 ta kowane ɓangare. Ya kira su Marilyn, don wasa da sunan 'yar fim Marilyn Monroe. Drummond ya shiga jerin, ya samu masu nemansa. Galibin baƙi dai a Black Rock suke tsayawa, wani dandali a jikin tsaunin inda itatuwa ke buɗewa a hango Kenmore da gadarta da tafkin mai tsawon kusan kilomita 23.

Dokar da ta tabbatar wa kowa 'yancin ratsa daji da tsauni a Sikotilan, muddin bai yi ɓarna ba, sai a 2003 aka yi ta, ta fara aiki a 2005. A 2019 kula da dajin ya koma hannun wata hukuma ta gwamnatin Sikotilan. Har yanzu ana sare katako, don haka wani lokaci akan tarar an rufe wani sashen hanya.

Shi kuwa dokin daji, ya sake shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. An haramta harbinsa a 2001, amma ƙidayar damunar sanyin 2021 zuwa 2022 ta kiyasta saura 542 kacal a Sikotilan, mafi yawansu can arewa a dazuzzukan Cairngorms, nesa da tsaunin da aka fara sakin kakanninsu.

Tsakanin dashen Baƙin Duncan da ranar da jikan manomi ya samu ikon hawa tsaunin ba tare da neman alfarmar kowa ba, an shafe shekara kusan 400. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.