Lissafin Ohm a Hannun Masu Gyaran Wuta na Damagaram

Ranar da na fara zuwa koyon aikin wuta a wata rumfa kusa da Kasuwar Dole, maigidana bai bar ni na taɓa filaya ba. Ya ɗauko ƙwan wat 100 ya ɗora mini a tafi, ya ce, "Yaro, NIGELEC tana ba mu bolt 220. Amfer nawa wannan yake sha?" Na yi shiru. Ya tsuguna ya rubuta a ƙasa da ƙusa: P = U × I. Ya ce in raba 100 da 220. Na samu 0.45, ƙasa da rabin amfer. Ya ce to, raba 220 ɗin da abin da ka samu. Ya fito kusan 480. "Wannan ita ce turjiyar zaren da ke cikin ƙwan idan ya yi zafi, om ake ce mata." Da haka na shiga sana'a.

Wannan ƙa'ida ta turjiya wani Bajamushe ne, Georg Ohm, ya wallafa ta a 1827, zamanin da fitilar man gyaɗa da ta kaɗe ke haska fadar Sarkin Damagaram. Ta iso mana ta ƙofa biyu. Waɗanda suka yi makarantar Faransanci suna rubuta U = R × I, waɗanda suka koyo aiki a Kano ko Katsina kuma V = I × R. Na sha ganin dattawa biyu suna musu a kan wane ne daidai, alhali magana ɗaya ce: matsin wuta shi ne yawan wutar da ke gudu sau turjiyar abin da take bi.

Magabatanmu a wannan aiki 'yan kaɗan ne. Zinder ta kasance babban birnin Nijar har 1926, amma wuta ta daɗe tana tsaye a ofisoshi da gidajen ma'aikata, injin gazuwal ke ba da ita. An kafa kamfanin wuta na NIGELEC a 1968. Babban canji ya zo a shekarun 1990, da aka jawo layin bolt 132,000 daga Katsina ta Gazawa zuwa Maraɗi da Zinder. Wuta ta shiga lungunan Birni da Zango da Garin Malam, aka yi ta sayen fanka da firji da injin niƙa, aiki ya fi ƙarfin ma'aikata. Duk wanda ya iya fere waya da haƙori ya zama mai gyaran wuta. A ganina nan ne lissafi ya fara ɓacewa daga sana'armu, domin bolt 220 tana rufa wa mai kuskure asiri. Dutsen guga mai wat 1,000 amfer huɗu da rabi kawai yake ja, siririyar waya ma tana ɗauka, sai dai ta ɗan yi ɗumi.

Hasken rana ne ya tona asirin. Allunan sola sun fara cika kasuwa tun kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, amma da Najeriya ta yanke mana wuta a watan Agustan shekarar, kowa ya ruga neman allo da batir. A nan kuwa bolt 12 ake magana, ba 220 ba. Kayan da ke cin wat 120, a wutar NIGELEC rabin amfer da ɗoriya suke ja. A kan batir amfer 10 cif.

Wata hajiya mai sayar da ƙanƙara da lemun zoɓo ta kira ni a tsakiyar bazara, ta ce batir ɗin da aka sayar mata na jabu ne, firjinta sai ya tashi ya mutu. Na ɗora na'urar awo a bakin batir: bolt 12.5. Na ɗora a bayan firji: 10 da 'yan kai. Na bi wayar da hannu, ɗumi kamar an ciro ta daga rana. Yaron da ya yi haɗin ya sa waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5, ya ja ta mita 10 daga ɗaki zuwa zaure. Zuwa da dawowa mita 20 ke nan, turjiyarta kusan om 0.23. Ninka da amfer 10, bolt 2.3 sun salwanta a hanya, wato wat 23 suna ɗumama bango ba gaira ba dalili. Ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40, jan ƙarfe kuwa turjiyarsa ƙaruwa take yi idan ya yi zafi. Na ce, "Hajiya, batirinki lafiya lau yake." Muka matso da shi kusa da firji, muka sa waya mai kauri, kafin la'asar ruwa ya fara daskarewa.

Yaron nan ba mugu ba ne, ba a koya masa ba ne. Yau akwai jami'a a Zinder, akwai cibiyoyin koyon sana'a, akwai matatar mai ta SORAZ tun 2011 da ke ɗaukar ƙwararru, amma yawancin masu shiga gidajen mutane da filaya har yanzu a rumfunanmu suke tashi. Don haka nake roƙon 'yan'uwana iyayen gida: kafin ku miƙa wa yaro tsani, ku tsuguna da shi ku rubuta masa haruffan nan uku a ƙasa, ku sa ya raba ya ninka da kansa har su zauna masa.