Wa Ke Ɗaukar Nauyin Ɗan Koyon Kiɗa? Waiwaye Daga Gyaɗi-Gyaɗi Da Tarauni

Duk wanda ya bi Titin Gidan Zu, daura da unguwar Gyaɗi-Gyaɗi ta Ƙaramar Hukumar Tarauni, ba zai rasa ganin samari suna shiga suna fita ɗakunan ɗaukar waƙa ba. A nan da yawa daga cikinsu ke koyon kiɗa, babu malami tsayayye, babu manhaja. Manufar wannan takarda ita ce a waiwayi yadda Hausawa suka riƙa ɗaukar nauyin ɗan koyo a da, don a gane giɓin da ƙaramar ƙungiyar taimako za ta cike in ta tashi a irin waɗannan unguwanni.

Bari mu fara da harshe. Bahaushe ya rarrabe makaɗi da mawaƙi da maroƙi, amma sau da yawa yakan haɗa su duka ya kira su maroƙa. Kalmar kuwa daga roƙo ta fito, watau tun daga suna an ɗora abincin mai sana'ar bisa kyautar wani. Wannan ne ya sa ake son kiɗa, amma ba kowane uba ke son ɗansa ya zama makaɗi ba.

Makarantar farko ita ce gado. Yaro yakan tashi a gidan kiɗa, ya fara da kanzagi, ya shiga cikin 'yan amshi, sa'an nan in ya ƙware ya ja nasa ayari. Haka Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ya yi: ya gaji kiɗa wurin mahaifinsa, ya kuma yi wa wansa Kurna amshi kafin ya zama shugaba. Kuɗin makarantarsa shi ne hidimar da ya yi wa gidan.

Na biyu shi ne ubangida. Sarki na riƙe da masu tambari da kakaki da algaita, mahauta na da masu kalangu, manoma na da gangar noma. Ubangida ke ba da riga da hatsi da doki, ta haka ɗan koyo ke ci daga rabon maigidansa. Wani lokaci ma riƙon yakan zama jinƙai tsantsa. Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya tashi ba uwa ba uba, Sarkin Hausawan Bukur ne ya riƙe shi, har ya girma ya shahara da kuntigi. Mutum guda ya yi abin da a yau ake kafa ƙungiya dominsa.

Amma fa ba kowa ya bi waɗannan hanyoyi ba. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, bai gaji waƙa ba, kuma danginsa ba su so ya yi ta ba tun farko. Irinsa tsiraru ne, gama ba kowane yaro ke da ƙarfin halin tsallake hanin gida da rashin mai koyarwa ba.

Daga 1990, shekarar da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano, al'amarin ya sake kama. Waƙoƙin fim suka kawo fiyano, wadda ke kwaikwayon amon ganga da sarewa, sai mutum ɗaya ya wadatar inda a da sai an tara makaɗa da 'yan amshi. Da ayari ya ragu, gurbin ɗan koyo ya ragu tare da shi. A 2001 aka kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, a 2016 kuma Gwamnatin Tarayya ta janye shirin gina alƙaryar fim a Kofa bayan malamai sun nuna rashin amincewa. Wannan ya nuna cewa a Kano maganar kiɗa ba ta rabuwa da maganar tarbiyya.

A Jamhuriyar Nijar an gwada wata dabara. Wajajen 1990 aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa a Yamai, mai ɗauke da sunan Alhaji Taya, da gudummawar asusun raya ƙasashe na Turai. Malam Maman Barka, gwanin gurmi, wanda ya rasu a 2018, yana cikin waɗanda suka yi aiki a cikinta. Can an mai da kiɗa darasi, an kuma tattara kayan kiɗan gargajiya don kada su salwanta.

To, abin da tarihin nan ke koya mana shi ne, gado da ubangida abu uku suka ba yaro: malami, da abin kiɗa, da yardar manya. Ƙungiyar da ta sayi kalangu da goge ta raba wa yaran Tarauni ta samar da ɗaya ne kawai. Sai ta nemo tsofaffin makaɗa ta biya su ladan koyarwa, ta kuma zauna da iyaye da masu unguwanni da malaman Islamiyya, waɗanda su ma da waƙa suke cusa wa yara darasi. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, gama duk tsohon makaɗin da ya rasu bai bar almajiri ba, da taken da ke hannunsa ake binne shi.