Ciwon Ƙugu a Tsohon Ciki da Tarihin Neman Magani a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a bi diddigin yadda Hausawa suka ɗauki ciwon ƙugu da na mara wanda ke kama mace idan cikinta ya tsufa, da kuma hanyoyin da suka bi wajen neman magani, tun daga ƙarni na 19 zuwa zamanin da muke ciki. Za a ga cewa wurin da ake kai kuka ya yi ta sauyawa, daga ɗakin tsohuwa da zauren malam zuwa asibiti, amma tambaya guda ta ci gaba da zama a inda take, watau wane ne ke da ikon cewa wannan ciwo ya kai a tashi a nemi taimako. A kan amsar wannan tambaya rayukan mata masu yawa suka rataya, shi ya sa muke ganin ta cancanci nazarin masana tarihi kamar yadda ta cancanci na likitoci.

Ciwon da Ake Magana a Kansa

Kafin mu shiga tarihi, ya kamata a san abin da ake nufi da ciwon. Ƙashin ƙugu zobe ne wanda ya haɗu a wuri uku: gaɓa biyu a baya wajen kwankwaso, da gaɓa ɗaya a gaba, ƙasan mara, inda guringuntsi ya riƙe ƙasusuwa biyu. Idan mace ta ɗauki ciki, jijiyoyin da suka ɗaure waɗannan gaɓoɓi sukan saki kaɗan domin hanya ta buɗe ranar haihuwa. A shekarar 1926 wani masani Ba'amurke mai suna Frederick Hisaw ya gano sinadarin rilaksin, wanda yake cikin abubuwan da ke kawo wannan saki. Tazarar gaɓar gaba kan ƙaru da milimita 2 ko 3, idan kuwa ta wuce milimita 10 sai likitoci su ce gaɓar ta rabu.

Kimanin mace ɗaya cikin biyar masu ciki takan sha wannan ciwo. Alamominsa sanannu ne: zafi wajen juyi a kan gado, wajen hawa matakala ko tsallake dokin ƙofa, wajen tsayawa a kan ƙafa ɗaya, wani lokaci har tafiya ta gagara. Akwai lokacin da wasu suka zaci ciwo ne na matan ƙasashe masu wadata, amma binciken da Björklund da Bergström suka buga a 2000, wanda ya kwatanta matan Suwidin da Finlan da na Tanzaniya har da Zanzibar, ya nuna cewa bai bar matar ƙauyen Afirka ba.

Wannan ciwo na gaɓa, duk da azabarsa, ba ya kisa, ba ya cutar da abin da ke ciki, kuma ga mafi yawan mata yakan lafa bayan an sauka. Matsalar ita ce akwai waɗansu cututtuka masu haɗari da ke sallama ta wannan ƙofa: naƙuda kafin lokaci, rabuwar mabiyiya daga jikin mahaifa, ciwon mafitsara da ya hau zuwa ƙoda, tashin ciwon sikila, da naƙudar da ta ƙi ci gaba saboda kan jariri ya fi ƙarfin ƙugun uwa. Ga mai ciki da waɗanda ke kewaye da ita, duka sunansu ɗaya ne: ƙugu ko mara na ciwo.

Kafin Zuwan Asibiti

Ƙasar Hausa ba ta taɓa rasa masu magani ba. Akwai wanzami mai ƙaho da aska, da maɗori mai gyaran karaya da targaɗe, da boka da 'yar mai ganye masu saiwa da sassaƙe, da malami mai rubutun sha da laya. Shugabannin jihadi ma sun ba da muhimmanci ga ilmin ɗibbu. Abdullahi ɗan Fodiyo da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, duk sun yi rubuce-rubuce a kan magani da kiyaye lafiya. Sai dai sha'anin ciki da haihuwa ya fi zama a cikin gida, a hannun tsofaffin mata, nesa da alƙalamin malamai.

A wannan fage akwai abubuwa uku da suka tsara halin mai ciki. Na farko shi ne kunya, musamman a cikin fari. Yarinya ba ta faɗin tana da ciki, ba ta ambaton abin da ya shafi ƙasan cibiya a gaban surukai, kuma abin yabo ne a ce ta haihu ba wanda ya ji motsinta. Labarin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta ɗauka a 1949 zuwa 1950 aka buga a 1954, ya nuna irin ƙarfin da kunyar ɗan fari take da shi a ƙasar Zazzau ta wancan zamani. Na biyu shi ne goyon ciki, watau mayar da mai cikin fari gidan iyayenta idan ciki ya kai wata bakwai ko wajen haka. Wannan al'ada tana da hikima, domin yarinya ta fi sakin jiki da uwarta, kuma ana ɗauke mata daka da ɗiban ruwa a daidai lokacin da ƙugu ba ya son nauyi. Na uku shi ne matsayin ungozoma, wadda a bisa al'ada ba a cika kiranta ba sai bayan jariri ya faɗo, ta yanke cibi, ta binne mabiyiya, ta yi wa jariri wanka. Ke nan mai naƙuda takan yi durƙuso ita kaɗai, ko da wata tsohuwa a kusa.

Idan ciwo ya tsananta, akwai fassarar da aka tanada. Wani lokaci a ce sanyi ne, a gasa ƙugu da ruwan zafi ko a shafa man shanu. Wani lokaci a ce zaƙi ne ya taru ya tare hanya, a ba da jiƙo domin a wanke shi. Idan naƙuda ta yi tsawo sai a ce gishiri ne, a kira wanzami ko ungozoma a yi yanka da aska. L. Lewis Wall, wanda ya yi bincike a yankin Malumfashi ya kuma buga littafi a kan magungunan Hausawa a 1988, ya yi bayanin waɗannan fassarori dalla-dalla. Gashi da hutu suna sauƙaƙa ciwon gaɓa, kuma da yake yawancinsa yakan tafi da kansa, sai jama'a suka ƙara amincewa da abin da suka gada. Amma ga wadda ƙugunta ya yi wa jariri kaɗan, babu jiƙon da zai faɗaɗa ƙashi.

Zamanin Turawa

Bayan da Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato a 1903, asibitocin farko da suka kafa na sojoji ne da ma'aikatan gwamnati. Sai daga baya hukumomin En'e suka buɗe asibitoci da ɗakunan shan magani a manyan garuruwa. 'Yan mishan kuwa an taƙaita musu shiga biranen sarakunan Musulmi, don haka suka zauna a gefe, kamar Wusasa kusa da Zariya, inda suka koma a 1929, da kuma Galmi a ƙasar Nijar, inda aka buɗe asibiti a 1950. An kafa hukumar kula da ungozomomin zamani a Nijeriya a 1930, amma da yake 'yan matan Arewa da suka shiga makarantar boko kaɗan ne ƙwarai, an daɗe ba a sami isassun ma'aikata mata masu jin Hausa ba.

Sakamakon haka shi ne, asibiti ya zo wa Bahaushiya a matsayin wuri na maza, baƙi, masu duba abin da al'ada da tarbiyya suka ce a suturta. Ga kuma kulle, wanda ya sa fita sai da izinin miji. Don haka ba a kai mace sai an ga abin ya fi ƙarfin gida, bayan kwana biyu ko uku tana naƙuda, a kan jaki ko amalanke ko bayan babbar mota. Da yawa sukan cika a hanya ko jim kaɗan da isa, sai labari ya koma ƙauye cewa asibiti wurin yanka ne da mutuwa. Jinkiri ya haifi mutuwa, mutuwa ta haifi tsoro, tsoro kuma ya sake haifar jinkiri.

Abin da Binciken Zariya ya Nuna

An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sashen koyon aikin likita kuma ya biyo baya a 1967. A asibitinta ne Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa suka bi haihuwa 22,774 a jere, daga 1976 zuwa 1979, suka buga sakamakon a 1985. Mata 238 suka rasu, kuma fiye da 200 daga cikinsu waɗanda ba su taɓa zuwa awon ciki ba ne, sai da abu ya ɓaci aka kawo su. Waɗanda suka yi awo kuwa, mace-macensu kaɗan ne ƙwarai, ko da yake asibitin ɗaya ne, likitocin ɗaya ne. Binciken ya kuma nuna cewa ƙananan 'yan mata masu cikin fari da aka ba maganin zazzaɓin cizon sauro da na ƙarin jini sun ci gaba da ƙara tsawo suna ɗauke da cikin, abin da ya rage musu haɗarin toshewar naƙuda.

A wannan asibiti dai, Dokta Tahzib ya yi nazarin mata 1,443 masu yoyon fitsari da aka gani daga 1969 zuwa 1980. Fiye da kashi 80 cikin 100 doguwar naƙuda ce ta jawo musu, kashi 13 kuma yankan gishiri. Dalilin a fili yake: idan kan jariri ya daɗe yana danne mafitsara a jikin ƙashin mara, jini ya daina zuwa wurin, sai naman ya mutu ya bar ƙofa. Daga 1984 Dokta Kees Waaldijk ya fara ɗinke irin waɗannan mata a Babbar Ruga ta Katsina, wadda asalinta asibitin kutare ce, aikin kuma ya bazu zuwa Kano da sauran garuruwa.

Abin lura a nan shi ne, darajar awo ba ta tsaya ga allura da ƙwaya ba. Awo ne ya ba mace wurin da za ta faɗi ciwonta tun yana ƙarami, a gaban wanda ya iya rarrabe ciwon gaɓa da ciwon halaka, ya kuma sa ta saba da hanyar asibiti kafin ranar da za ta buƙace ta da tsakar dare.

Daga 1986 zuwa Yau

Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya zo daidai da lokacin da asibitocin gwamnati suka ɗora wa marasa lafiya kuɗin magani da na tiyata. Likitocin Zariya sun ba da rahoto a 1990 cewa masu zuwa haihuwa sun ragu ƙwarai, mace-mace kuma sun ƙaru. Watau bayan kunya da izini da nisa, sai ga kuɗi ya zama shinge na huɗu. A 1987 aka yi taron Nairobi kan tsirar da iyaye mata, a 1994 kuma Thaddeus da Maine suka fito da bayanin jinkiri uku: jinkirin yanke shawara a gida, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na ukun nan ya kamata a jaddada shi, domin matar da ta kai kukan ƙugu aka ce mata ai haka ciki yake, ko aka yi mata tsawa, da wuya ta sake komawa.

An yi yunƙuri iri-iri: haihuwa kyauta a wasu jihohi, shirin tura ungozomomi karkara na 2009, da haɗa kai da direbobin tasha domin ɗaukar masu naƙuda. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga yawan zuwa awo daga sau 4 zuwa sau 8. Duk da haka, ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna cewa a Arewa maso Yamma kimanin kashi 16 cikin 100 na haihuwa ne kawai aka yi a asibiti. Wani sabon abu kuma shi ne kemis, inda ake saye wa mai ciki maganin kashe zafi ba tare da an duba ta ba, alhali irin su ibuprofen da diclofenac suna iya cutar da ƙodar jariri da magudanar jininsa idan ciki ya tsufa.

Kammalawa

Ilmin da ake buƙata a yau ba mai wuya ba ne. Ciwon gaɓar ƙugu yana ƙaruwa da motsi, yana lafawa da hutu. Ana sauƙaƙa shi da ɗamarar ƙugu, da sa matashi tsakanin gwiwoyi wajen kwanciya, da barin ɗaukar kaya masu nauyi, da taimakon masu gashin ƙashi na asibiti. Amma ciwon da ke zuwa yana tafiya a kan ƙa'ida kafin wata tara, ko wanda ya zo da jini, ko fashewar ruwa, ko zazzaɓi, ko taurin ciki, ko raguwar motsin jariri, wannan na tashi ne nan take, haka ma naƙudar da ta wuce awa 12 ba a sauka ba.

Tarihin da muka bi ya nuna cewa wannan ilmi ba zai yi amfani ba idan ya tsaya ga mai cikin kaɗai, tun da ba ita ke yanke shawara ba. Dole ya kai ga miji da uwar miji, da ungozoma, da limamin unguwa. Ya kamata kuma maigida ya ba da izinin fita tun ciki yana ƙarami, ya ajiye kuɗin mota, domin kada a tsaya jiran dawowarsa daga kasuwa ko cin rani. Kunya ado ce, kuma ba wanda ke neman a yar da ita, amma magabatan da suka koya mana ita su ne kuma suka ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya rage ga masana tarihi da na harshe su tattara kalmomin da mata ke bayyana ciwo da su a Kano da Katsina da Sakkwato da Damagaram, domin ma'aikacin lafiya ya gane abin da ake faɗa masa, ko da a sakaye aka faɗa.