Gulbin Rima da Kafuwar Sabon Birnin Gobir

Manufar wannan maƙala ita ce mu nuna cewa ba a iya fahimtar tarihin Sabon Birni sai an fara duban ruwan da yake zaune a bakinsa. A wannan yanki ne gulaben Bunsuru da Gagare, waɗanda suka biyo ta ƙasar Isa, suke haɗuwa su zama Gulbin Rima, sa'an nan Gulbin Maraɗi ya gangaro daga arewa ya zuba a cikinsa. Wannan haɗuwa ita ta samar da fadama mai albarka, inda ake noman rani da su da kiwo, a ƙasar da ruwan damina ba ya daɗewa.

Tun a ƙarni na 18 Gobirawa suka gane amfanin wannan kwari, har suka mai da Alƙalawa, wadda take bakin Rima, babban birninsu. Da Alƙalawa ta faɗi a hannun masu jihadi a 1808, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa, sai sarauta ta rasa mazauni. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi nasara, waɗanda suka ƙi miƙa wuya suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Amma tsohuwar fadama ba ta fita daga ransu ba. Bayan tsakiyar ƙarnin, rikicin sarauta ya raba gidan Tsibiri, Ɗan Halima ya ɓalle da jama'arsa, ya sasanta da Sakkwato, ya kafa Sabon Birni daura da kufan Alƙalawa.

To, a nan ne ya kamata mu lura da matsayin Isa. Garin yana hannun zuriyar Bello, kuma mai riƙe da shi Sarkin Gobir ake kiransa. Watau garuruwa biyu maƙwabta, sarauta mai suna ɗaya: ɗaya ta gadon Gobirawa, ɗaya ta tsaron iyakar Daular Usmaniyya.

Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906 suka shata iyakar da ta bar Tsibiri a Nijar, Sabon Birni a Nijeriya. Sai dai iyakar takarda ba ta tsai da gulbi ba, ba ta kuma yanke auratayya da cin kasuwa ba. Shi ya sa da hare-haren 'yan bindiga suka tsananta daga 2019, dubban mutanen yankin suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi, wurin 'yan'uwansu.

Saboda haka muna ganin duk binciken da ya tsaya a bakin iyaka rabin labari ya kawo. Wajibi ne masana tarihin ƙasashen biyu su haɗa hannu su tattara labaran baka na wannan kwari tun dattawan da suka riƙe su ba su ƙare ba.